Yadda Rigunan Yaya Suka Yi Mata Yawa

Yayata ba ta taɓa zama siririya ba, ko da na rana ɗaya. Mahaifiyarmu takan ce nas ɗin da ta karɓe ta ranar haihuwa sai da ta gyara tsayuwa. Ni kuwa na zo duniya kamar tsinken tsintsiya, har yau kuma haka nake, shi ya sa ba ni da bakin magana a kan ƙiba a gidanmu. Da na buɗe baki sai Yaya ta ce, "Ke da ba ki da abin ragewa, me kika sani?"

Jikin nan kuwa ya karɓe ta, tsakani da Allah. Koyarwa take yi a makarantar ƙananan yara, ajin da share majina ya fi rubutu yawa, kuma yaran na sonta domin cinyarta na ɗaukar uku lokaci guda. Dariyarta daga bakin titi ake jin ta. Idan ta zauna cin abinci, ko ba ka jin yunwa sai ka wanke hannu.

Mijinta tela ne. Shagonsa na nan kusa da gidansu, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Mutum ne marar hayaniya, kullum da fil a leɓensa, maganarsa ma rabi-rabi take fita. Kowa Tela yake ce masa, har 'ya'yansa idan ba ya kusa. Tun da suka yi aure Yaya ba ta taɓa sa ɗinkin wani ba. Gugar kayanta ma shi ke yi a shago, wai ita ƙona kaya take yi.

Abin ya samo asali ne daga kujerar roba. Ranar taron iyayen yara aka jera irin kujerun nan masu hannu, Yaya ta zauna a sahun gaba. Da shugabar makaranta ta kira ta domin ta yi bayani, sai ta miƙe, kujera ta miƙe tare da ita. Ta yi taku biyu da kujera a bayanta kafin mai gadi ya zo ya ja. Iyaye suka sunkuyar da kai suna danne dariya, yara kuwa ba su san danniya ba. Wata uwa har ta ɗaga waya. Yaya ta gama bayaninta tsaf, ta dawo gida, ta rufe ɗaki.

Washegari ta fito da sabuwar aƙida: ƙiba ce maƙiyiyarta.

Ta fara da ɗamarar matse ciki, wadda sai an kira babbar 'yarta ta taka gado ta ja kafin ta ɗauru. Tumbin bai tafi ko'ina ba, rabuwa kawai ya yi, rabi ya hau sama rabi ya gangara ƙasa. Daga nan ta koma ga wasu ƙwayoyi masu ruwan hoda, waɗanda suka hana ta barci, suka sa zuciyarta gudu kamar injin ɗinkin mijinta. Ta yi wani gari da ake damawa a maimakon abincin rana. Takan sha shi da gaskiya, sannan ta ci abincin ranar a kai don kada ya kwana shi kaɗai a ciki. Ta sayi takalmin gudu ma, fari tas. Yana nan a saman kabad, har yanzu da takardar cikinsa.

Ana cikin haka jiri ya ɗebe ta a aji, aka kai ta asibiti. Likita ya ce suga ne. Ya rubuta mata ƙwaya safe da yamma, ya ce ta rage lemon kwalba da shinkafa, ta riƙa tafiya da ƙafa. Yaya ta fito tana mita.

"Kin ji mutum? Duk karatun nan da ya yi, tafiya da ƙafa zai ce min. Wannan ai ko mai gadi ya sani."

Amma tana shan maganin, domin Tela na ajiye mata shi kusa da kofin ruwa kowace safiya.

Sai shayi ya shigo gidan. Wata mata ce a waya ke tallarsa, wadda ba a taɓa ganinta daga wuya zuwa ƙasa ba. A cewarta, ƙiba ba kitse ba ne, dattin shekaru ne ya daskare a hanji, kuma shayinta na ganye ne zalla, yana wanke shi. Ta kuma gargaɗi mata da kada su hau sikeli, domin sikeli ba ya bambanta datti da nama. "Kayanki ne za su gaya miki gaskiya," in ji ta. Yaya dama ta tsani sikeli tun ranar da ta hau na asibiti nas ta ce a sake gwadawa. Nan take ta ji ta sami 'yar'uwa.

Wankin kam yana yi. A cikin mako guda Yaya ta san kowane banɗaki da ke tsakanin gida da makaranta: na gidan mai, na bayan banki, na wata tsohuwar ɗalibarta da ta yi aure a hanya. Tana tsaka da koya wa yara waƙar haruffa sai ta ce, "Ku ci gaba," ta fita da sauri tana tafiyar da ba ta dace da malama ba. Ta yi wata da watanni a haka, riga ba ta motsa ba. Gidan ya zama abin tsoro. Yara na ganinta suna sulalewa. Wata rana na same ta zaune a bakin gado, riƙe da shuɗiyar rigarta mai aiki a wuya, wadda ta fi so, tana kuka ba sauti. Ban taɓa ganin Yaya haka ba, kuma na ji tausayinta har cikin raina.

Bayan 'yan kwanaki ta kira ni da sassafe.

"Auta, zo ki ga ikon Allah."

Na je na tarar da ita sanye da shuɗiyar rigar. Ta kama gefen ƙugu ta ja, ga wuri nan har yatsu biyu. Na dube ta sama da ƙasa. Idona dai Yaya yake gani, cikakkiya yadda na bar ta, in ma ba a ce ta ƙara ba. Amma riga ga ta nan tana lilo.

"To, ko dai wanki ne ya buɗa ta?" na ce.

"Hassada dai ba kyau, Auta. Baban yara, kai faɗa mata."

Tela na tsaye a bakin ƙofa da kayan guga a hannu. Ya gyara fil ɗin bakinsa, ya ce, "Ta yi sako-sako kam." Ya wuce ciki da kayan.

Daga nan riguna suka shiga yin yawa ɗaya bayan ɗaya. Dariya ta dawo gidan. Yaya ta zama wakiliyar matar waya a unguwa, kwalayen shayi suka cika bayan kujerar falo. Duk Asabar da yamma mata ke taruwa a wurinta, ta dafa musu a babbar buta, ta tsaya a tsakiya ta ja rigarta su gani. Idan wata ta yi ƙorafin ita ba ta ga canji ba, sai Yaya ta ce dattinta ne ya daɗe, ta ƙara yawan ganyen. Idan wata ta ce cikinta na murɗawa, sai ta ce alamar aiki ce. Shayin nan ba ya laifi. Mai shan sa ce kullum ba ta iya sha ba. Layin banɗakin gidan Yaya ranar Asabar ya fi na asibiti tsawo.

Ni dai dariya nake ta sha, har ranar da na ga kwalin maganin likita a kwandon shara, ko rabi ba a sha ba.

"Yaya, wannan fa?"

"Na gama da shi. Sugan ai datti ne, kuma kina gani da idonki yana fita. Matar ta ce maganin asibiti danne ciwo yake yi, shayi kuwa tumɓuke shi yake yi."

Na yi magana har bakina ya bushe. Na roƙe ta, na yi faɗa, na haɗa ta da girman mahaifiyarmu. Ta yi kunnen uwar shegu da ni. Duk hujjar da na kawo, sai ta kama gefen riga ta ja. Ba yadda za ka yi gardama da mace da rigarta ke ba ta shaida. Tun daga ranar abin ya daina ba ni dariya, domin yanzu ran Yaya ne a kai.

Sai kuma ta fara ramewa da gaske. Wannan karon idona ma ya gani. Wuyanta ya fito, zoben aurenta ya koma yatsan tsakiya. Ba ta rabuwa da gorar ruwa, tana sha kamar mai zuba wa rami. Ta yi tuntuɓe da ƙafar gado, ɗan ciwon babban yatsa ya ƙi warkewa. A aji sai ta kai littafi kusa da hanci kafin ta gane rubutu. Ita kuwa murna kamar ta taka rawa. Matan Asabar suka ninka, har da masu zuwa daga wasu unguwanni don su ga malamar da kujera ta taɓa riƙewa.

Wata rana da azahar na bi ta gaban shagon Tela, ya kira ni. Da ma mukan yi tsokana, ina ce masa Sarkin Shiru, yana ce min Tsinke. Ranar bai ce Tsinke ba. Ya kashe injin, ya cire fil daga bakinsa ya soke a hannun riga, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ƙanwata, zauna. Yayarki ba ta da lafiya."

"Yau ka sani?"

"Na fi ki sani. Shayin nan bai taɓa rage mata ko inci ɗaya ba."

Ya jawo shuɗiyar rigar daga cikin kayan guga, ya juya cikinta waje, ya shimfiɗa a kan tebur. Ya ce kowane tela na kirki yakan bar rarar yadi a cikin ɗinki, saboda jikin mutum ba ya zama wuri ɗaya. Shi kuwa da ya san matarsa, rarar da yake bar mata ta fi ta kowa. Ya nuna min gefen rigar. Ga sawun allura nan layi-layi, kowanne kusa da ɗan'uwansa, suna matsawa zuwa bakin yadi.

"Ranar da na ji tana kuka, na kasa aiki," in ji shi. "Na ce bari in buɗa mata wannan ɗaya, ta sami sauƙi a ranta. Da na ga yadda ta yi farin ciki, sai na buɗa ta biyu. Ita tana ƙaruwa, ni ina ƙarawa. Da rarar wata ta ƙare ma, ragowar yadin na ɗauko na yi mata sabuwa, ba ta gane ba."

Na rasa dariya zan yi ko ashar. Mutumin da ba ya iya haɗa jimla biyu ya yi shekara yana yaudarar unguwa guda da almakashi.

"To, yanzu fa?"

"Tun ranar da ta daina shan magani ban ƙara buɗa ko riga ɗaya ba. Na ce idan riga ta matse ta, za ta dawo hankalinta. Sai riga ta ci gaba da yin yawa, ba da hannuna ba." Ya dubi tafin hannunsa. "Wannan ramar ba ta shayi ba ce, ba kuma tawa ba ce."

"Sai ka faɗa mata."

"Na gwada. Ina cewa 'Maman yara, game da rigunan nan,' sai ta ce in rage mata su, sun yi yawa."

"Ka rage?"

Ya gyaɗa kai. Ya rage ɗin.

Na faɗa masa abin da ya sauwaƙa, ban tauna ba. Na ce tausayin da ba ya iya jure hawayen mace na yini ɗaya, ga inda ya kai mu. Na ce ko ya faɗa mata kafin Asabar ta wuce, ko ni in faɗa, kuma ya san idan daga bakina ta fito, hassada za ta kira ta.

Asabar ta zo bai faɗa ba. Na je gidan raina a ɓace. Falo ya cika maƙil, takalma har bakin ƙofa, ƙamshin ganyen nan mai kama da jiƙaƙƙiyar ciyawa ya cika ko'ina. Yaya na tsakiya, ta ɗaure yatsan ƙafarta da bandeji, tana dafe da bayan kujera don kada jiri ya kayar da ita, tana wa'azi. Tela ya shigo da kayan guga, zai wuce ciki kamar kullum, kansa a ƙasa.

Sai matar mai fenti, wadda ke fama da hawan jini, ta ɗaga kofinta ta ce, "Malama, ni ma na yanke shawara. Daga gobe na ajiye ƙwayoyin asibiti, tunda ga ki nan kin ajiye kin warke."

Tela ya tsaya cak. Ya ajiye kayan a kan hannun kujera, ya zaro shuɗiyar rigar, ya juya ta a gaban mata.

"Maman yara, ki yi haƙuri. Ki dubi nan."

Ya yi bayani, da muryar nan tasa da sai an kasa kunne. Bai ɓoye komai ba. Ya bi layukan da yatsa, yana cewa wannan na lokacin kaza ne, wannan na bayan hutun makaranta ne. Falo ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin cikin wata baiwar Allah a lungu. Yaya ta karɓi rigar. Ta kai ta kusa da fuska, ta nisantar, ta sake kusantarwa. Idonta bai iya ganin sawun allurar ba. Sai ta sa yatsa ta shafa, ta ji su, layi bayan layi.

Mata suka fara ajiye kofuna a hankali. Ɗaya ta tuna ta bar tukunya a wuta, sauran duk suka tuna da nasu tukwanen. Matar mai fenti ce ta ƙarshe, ta tsaya a ƙofa tana tambayar ko za a karɓi kwalin da ba ta buɗe ba.

Da suka watse, Yaya ta zauna. Ba ta yi ihu ba, kuma na fi son a ce ta yi.

"Wato duk safiyar da nake juyi a gabanka ina murna, kallona kawai kake yi."

"Ina jin daɗin ganin kina dariya ne."

"Kujera ta kunyata ni a gaban iyayen yara, amma ita ba ta san abin da take yi ba." Ta ninke rigar a cinyarta. "Auta, kira min mota."

An kwantar da ita a asibiti. Likita ya duba sakamakon jini, ya dube ta, ya tambayi wanda ya ce ta daina magani. Yaya ta juya fuskarta ga bango. An ceto ƙafar, yatsan ne dai ba a ceto ba. Idon hagu ma bai dawo daidai ba, yanzu da tabarau mai kauri take koyarwa. Matar waya kuwa, da Yaya ta aika mata da saƙo daga gadon asibiti, ta amsa da cewa alamar dattin ya kusa ƙarewa ne, kada ta karaya, akwai sabon shayi mai ƙarfi biyu.

Da magani ya kama jikinta, ƙibar ta dawo gida kamar ba ta taɓa tafiya ba. Yaya na tafiya da ƙafa yanzu, safe da yamma, tana ɗingishi kaɗan, tana zagin likita a hanya. Kwalayen shayin mun zuba su a shara, ban da ɗaya da ta ce a bar mata a kan firij don ta riƙa harararsa.

Tela kuwa ba ta kore shi ba, ba ta daina zuba masa abinci ba. Abu ɗaya ta yi: ta kwashe yadukanta ta kai wa wani tela a can ƙarshen titi. Wannan bawan Allah ɗinkinsa kamar an yi da fushi, hammata a matse, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, kuma idan yana awo da ƙarfi yake faɗar lamba, duk shago na ji. Yaya ta ce shi take so, domin ba ya ƙaunarta balle ya yi mata ƙarya. Kullum sai ta bi ta gaban shagon mijinta a cikin wannan ɗinki. Nakan ga Tela ya bi ta da kallo, yatsunsa na motsi a kan tebur, har ta sha kwana. Gugarta ma ta karɓe, kuma gaskiyarsa ce, ƙonawa take yi.

An daɗe a haka. Rannan ina shagon ina jiran ya sa min zif a jaka, sai ga ta ta shigo, ba ta dubi kowa ba. Ta ajiye shuɗiyar rigar a kan injin.

"Ta matse ni. Ka buɗa ta."

Tela ya miƙe har yana ture kujera.

"Tsaya," in ji ta. "Ka auna ni tukuna. Kuma ka faɗa da ƙarfi, Auta ta ji."

Ya ciro tef daga wuyansa. Ta ɗaga hannuwa, tana kallon silin. Ya zagaya ƙugunta, ya duba, ya sake dubawa. Na ga leɓensa na neman hanyar gudu. Sannan ya cire fil daga baki, ya faɗi lambar yadda take, har mai gyaran waya ya leƙo.

Yaya ta sauke hannuwa. Ta gyara tabarau, ta dube shi.

"Ƙarya kake," ta ce. "Ban kai haka ba."

Ta bar masa rigar, ta fita tana ɗingishi.